Masu Shan Furen Ɗorawa

Litinin, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar

Rumaisa, 'yar ƙanena marigayi Surajo, ta iso yau daga jami'arsu ta Kano, da kula mai ƙanƙara da wannan littafin. Ta ce in riƙa rubuta yawan furen da ya faɗo a gindin ɗorawar bayan gida kowace safiya. Ni mai unguwa guda, shekara saba'in da ɗaya a duniya, a sa ni ƙirgan fure kamar mai kalar gyaɗa. Na ce to. Yau ashirin da uku. Sauran shafin kuma ba ta ce kada in taɓa shi ba.

Ga abin da ya kawo ta. Shekara biyu ke nan ɗorawar Unguwar Zailani tana yi mana wasa da hankali. Sai ta yi fure ja jir, tuntu-tuntu, mata su gyara ƙugiya, sannan furen ya bushe ya zube, a nemi kalwa a rasa. Bishiyar da Luba matata take samun buhu a jikinta, bara kwano huɗu ta ba ta. Matan da ke kai daddawa har Kwanar Dangora, yanzu su ne ke sayen kalwa a Tudun Wada. Bana fure ya sake fitowa, kowa ya zuba masa ido.

An kuma riga an samo mai laifi, don mu nan ba ma ɓata lokaci. Lado ne, Bafulatanin da yake sauka a gonata kowane rani shekara talatin da ɗaya, shanunsa su ci kara su bar mini taki. Labaran mai injin niƙa ya ce 'ya'yan Lado ne ke kaɗo furen suna bai wa shanu. Dattawa suka zauna suka yanke: in furen bana ya zube, Lado ya tashi kafin azumi, kada ya sake dawowa. Tunda kuma gonata ce, ni zan gaya masa.

Luba ce ta kira Rumaisa a waya. Ba ta tambaye ni ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, hantsi

Ashirin da tara.

Da sassafe yarinyar nan ta jingina tsani a ɗorawa, ni na riƙe ƙafa ɗaya, Luba ta riƙe ɗaya. Ta sa safar hannu, ta ɗauko auduga a kan tsinke, tana goga wa fure a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Kowane tsinke da 'yar kwalbarsa, kowace kwalba da lamba, sai cikin ƙanƙara.

Na ce, "Rumaisa, me kike sharewa? Furen ya yi datti ne?"

Ta ce, "Baffa, ɗorawa ba ta ɗaukar 'ya'ya sai wani abu ya kwaso garin furen wata bishiya ya kai wa wata. Duk abin da ya sa baki a nan kuwa sai ya bar wani abu nasa, yawu ko gashi. A ciki akwai ƙwayar halitta, kowane irin dabba da tasa. In na kai ɗakin gwaji, za a karanta a gaya mana wa ya zo, wa bai zo ba."

Na ce, "Wato sawu."

"Sawu ne, Baffa, amma wanda ido ba ya gani."

Shekara arba'in ina bin sawun akuyar da ta yi ɓarna, ban taɓa neman ƙanƙara ba. Na dai ƙara riƙe tsanin.

Labaran ya zo ya tsaya, hannu a baya, gari har gira. Ya ce, "Mai unguwa, yanzu auduga ce za ta yi mana shari'a?" Luba ta ce masa, "Malam Labaran, in ba za ka riƙe tsani ba, matsa mana daga hasken." Ya matsa, amma bai tafi ba.

Laraba, 7 ga Fabrairu, bayan magariba

Talatin da ɗaya.

Rumaisa ta ce sai ta goga furen wani wuri inda ɗorawa ke haihuwa lafiya, don a kwatanta. Lado ya ce ya san irinsu a bakin dajin Falgore, ya hau babur ɗin haya ya yi mata jagora. Mutumin da ake shirin kora, shi ne ya wuni yana riƙe tsani. Ban san ko ya ji abin da aka yanke ba. Bai tambaya ba, ban faɗa ba.

Da suka dawo muna cin tuwo, sai ta ce, "Baffa, wai ina durumin ƙofar masallaci? Muna yara ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyar jemagu. Yau na ga sai kututture da 'yan tsiro."

Na ce an ɗan rage shi ne. Na tambaye ta kuɗin mota daga Kano. Luba ta kalle ni ta gefen ido, ta ci gaba da kwasar miya.

Ba zan rubuta zancen durumi ba. Littafin fure ne wannan.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, da safe

Arba'in. Rumaisa ta koma. Ta ce sakamako sai mako uku ko huɗu. Azumi saura wata ɗaya.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, azahar

Arba'in da shida.

Na ɗauki sandata na zaga ɗorawa goma sha bakwai, bishiya-bishiya, ina neman inda aka sara ko aka kaɗa. Babu reshe ɗaya da aka taɓa. Babu ganye a ƙasa irin wanda duka ke zubarwa. Kashin shanu mafi kusa, sai da na yi tafiyar da gwiwata ta yi magana kafin in same shi.

Na gaya wa Labaran a bakin injinsa. Ya rage ƙarar injin, abin da ba ya yi wa kowa, ya ce, "Mai unguwa, ai mai wayo ba ya barin alama. Rashin alamar ita ce alamar." Ya mayar da ƙarar.

To, ka ji. In an ga sara, Lado ne. In ba a gani ba, Lado ne ya ƙware.

Talata, 13 ga Fabrairu, da safe

Hamsin da biyu. Miyar kuka da dunƙulen kanti maimakon daddawa. Na ci, amma Luba da ƙarfi ta ajiye kwanon.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ban ƙirga ba. Tsintsiyar Luba ta riga ni.

Mata sun daina sayen nonon matar Lado. Jiya na gan ta ta zaga unguwa da ƙwarya a ka, ta koma da ita yadda ta zo. Gidanmu kaɗai ta sauke. Luba ta saye rabin ƙwaryar, alhali mu biyu ne a gidan, kuma nono ba ya shiri da cikina. Yanzu safe fura, rana fura. Hukuncin ɗorawa ya fara da hanjina.

Liman ya ce a yi haƙuri. Na ce da wa? Ya ce da kowa. Mutumin kirki ne, amma maganarsa ba ta da inda za ka kama.

Talata, 20 ga Fabrairu, hantsi

Sittin da wani abu.

Mangwarona na cikin gida ya cika da 'ya'ya, har reshe yana sunkuyowa. Shekara ta uku ke nan ba abin da ya taɓa shi. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, bayan la'asar

Dattawa sun sake zama a ƙofar masallaci, kowa yana neman inuwa yana rasawa. Suka ce furen ya zube ko bai zube ba? Na ce yana zuba. Suka ce to me ake jira? Na ce takardar Rumaisa. Labaran ya ce, "Takarda ba ta yin daddawa." Aka yi dariya, har da waɗanda ba su ji ba.

An ba ni zuwa Juma'ar ƙarshe kafin azumi. Ko in sallami Lado, ko su kai maganar gaban dagaci, a ce mai unguwa ya fifita takin gonarsa a kan tukunyar mata. Wannan ta shige ni, don akwai ɗan abin kamawa a jikinta.

Talata, 27 ga Fabrairu, da safe

Na kira Rumaisa. Ta ce wutar ɗakin gwajin ta ɗauke kwana biyu. Ilimin da zai ga yawun ƙuda, shi ma jiran wuta yake.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, da safe

Fure ya kusa ƙarewa a sama. 'Yan tsirarun da suka kama ba su kai a ɗauko musu ƙugiya ba.

Litinin, 4 ga Maris, bayan azahar

Rumaisa ta kira. Na fita wajen ɗorawar bayan gida don kada Luba ta ji, na kuwa manta cewa can take shanya.

Ta ce, "Baffa, a furenku an samu zuma, da ƙudaje, da tururuwa. Babu saniya, babu akuya."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Shi ke nan."

"Da saura. A furen Falgore an samu duk waɗannan, sannan kusan kowane fure akwai jemage, iri biyu ma. A naku, cikin arba'in da na goga, ɗaya ne kawai. Zuma tana ɗan taimakawa, shi ya sa ba ku rasa gaba ɗaya ba. Amma jemagu ne manyan masu aikin. Su ke shan ruwan furen, garin ya manne a gashinsu, su kai wa bishiya ta gaba. Ba zan rantse cewa shi ne kaɗai dalili ba, amma in ka tambaye ni, shi ne babba." Sai ta ce, "Baffa, yaushe aka sare durumin?"

Na ce layin ba ya ji sosai.

To, tunda an zo nan, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Shekara uku da suka wuce, jemagu sun fi dubu a durumin nan. Suna ɓata tabarmin masallaci, wannan gaskiya ne, kuma shi na faɗa wa jama'a. Abin da ban faɗa ba shi ne, a shekarar sun cinye mini mangwaro tas, irin ɗan aure da na ɗauko tun daga Zariya na yi shekara shida ina raino. Ni na tara mutane. Ni na ce a kawo tsofaffin tayoyi da barkono a turara musu hayaƙi, kwana biyar. Da suka ƙi tafiya duka, ni na sa aka yi wa durumin aski har kafaɗa. Ranar har addu'a aka yi mini, aka ce mai unguwa ya tsarkake ɗakin Allah.

Da na juyo, Luba tana tsaye da zani a hannu. Ta ce, "Malam, layin a nan yana ji sosai." Ta shige ciki.

Talata, 5 ga Maris, bayan la'asar

Takardar ta iso ta hannun direban Doguwa. Shafi biyu. Na farko ya wanke shanu, na biyu na jemagu ne. Na kai wa Labaran na farko, na biyun na bar shi ƙarƙashin buzu.

Ya sa aka karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ai ban ce saniya ta hau bishiya ba. Da gora suke kaɗowa. Gora tana da yawu ne?"

Abin haushin, ya yi gaskiya. Shafin farko shi kaɗai ba ya ceton kowa. Mutane ba za su saki Lado ba sai an ba su wani su riƙe.

Laraba, 6 ga Maris, da safe

Na yi ta lissafa yadda zan faɗa. In ce "an sare durumi." Wa ya sare? An. Wannan An ɗin ya daɗe yana yi wa masu unguwa aiki, amma a nan kowa ya san fuskarsa.

Luba ba ta yi mini magana ba tun shekaranjiya, sai "ga ruwa," sai "ga abinci." Yau ta ƙara da "buzun nan yana son kakkaɓa."

Alhamis, 7 ga Maris, bayan magariba

Na je gona da yamma. Ban san abin da zan ce ba, na dai je.

Bukkoki biyu an riga an kwance su. Matar Lado tana jera ƙore cikin raga. Shi yana zaune kan turmi yana tufka igiya, ya ga ni ya miƙe, muka gaisa yadda muka saba, gida, shanu, gwiwa, rana. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf, ba sauran abin tambaya, na ce, "Lado, wa ya ce ka kwance?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce, mai unguwa. Na ga nauyin faɗa ya yi maka yawa, na ce bari in ɗauke maka."

Na zauna a ƙasa, abin da gwiwata za ta tuna mini har sati. Na ce masa takarda ta zo, ba shanunsa ba ne. Na fara kewaye-kewaye, zuma, ƙuda, garin fure. Ya bar ni na yi ta yi. Can ya ce, "Jemagu ne."

Na ce, "Rumaisa ta gaya maka?"

"A'a. Mu da muke kwana a fili muna ganinsu. Da, in ɗorawa ta yi fure, daga magariba sai ka ga bishiya tana motsi kamar kasuwa. Tun shekarar hayaƙin nan, shiru. A Falgore kuma suna nan, kalwa tana nan. Ban san yadda suke yi ba, amma na san tare suke tafiya."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara."

"Ka sani tun bara, ana zagin 'ya'yanka, an daina shan nononka, ka yi shiru?"

Ya ci gaba da tufkarsa. Ya ce, "In na faɗa, sai a ce wa ya sa hayaƙin. Shekara talatin da ɗaya ina kwana a gonarka, Ɗantani. Da bakina zan faɗa?"

Bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

Na dawo gida ina jin haushinsa kamar in yi me. Mutum ya zauna yana rufa maka asiri ba da izininka ba, har ya kwance bukka a kai. Da ya zage ni da na san inda zan ajiye abin.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan la'asar

An taru. Na fito da shafi na biyu, na ba malamin firamare ya karanta, ya fassara. Da ya gama, sai kowa yana kallon kututturen da muke zaune a gindinsa, ba wanda yake son ya riga wani.

Na miƙe. Na ce ni na sa aka yi hayaƙi, ni na sa aka sare. Na ce tabarma na faɗa muku, amma mangwarona ne a raina. Na ce Lado bai taɓa furen kowa ba, kuma ba zan sallame shi ba, wanda zai je wurin dagaci ga hanya nan, in ya so in ara masa keke.

Na ɗauka za a yi hayaniya. Abin da aka yi ya fi hayaniya ciwo. Nan take kowa ya tuna cewa shi dama bai so a taɓa durumin ba. Wanda ya hau da gatari ya ce tun a sama jikinsa ya ba shi. Wanda ya kawo barkono ya ce shi cewa aka yi na miya ne. Liman, wanda ya ja addu'ar ranar, ya ce Allah bai halicci komai a banza ba, kuma ya sha faɗa. Bai taɓa faɗa ba.

Labaran kaɗai ya ba ni mamaki. Ya daɗe yana kaɗe gari daga hularsa, sannan ya ce, "Taya uku na kawo. Har da sabuwa guda, don ta fi hayaƙi." Sai kuma ya ƙara, "Amma ni har yanzu ban yarda ɓera mai fiffike yana yi wa bishiya aure ba." Na ce ba sai ka yarda ba, gobe dai za ka raka ni gona. Ya ce injinsa. Na ce injin ba zai gudu ba.

An janye maganar kora. An kuma yanke cewa ba mai sake taɓa tsiron durumi, kuma ni zan yi masa shinge saboda awaki. Ni kaɗai, da kuɗina, da gwiwata. Wannan an amince da shi baki ɗaya, da sauri irin wanda ban taɓa gani a zaman dattawa ba.

Da na shigo gida Luba ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Cikakkiyar jimla.

Asabar, 9 ga Maris, hantsi

Mun je, ni da liman da Labaran. Liman ya yi doguwar magana. Labaran ya ce, "Lado, a yi haƙuri," yana kallon wata saniya. Lado ya ce ba komai, ya sa aka kawo mana nono, ya tsaya a kan Labaran har sai da ya shanye.

Ya ce zai zauna har ruwa ya sauka, kamar kullum. Manyan 'ya'yansa biyu kuwa sun riga sun wuce Doguwa da rabin garken tun shekaranjiya, sun kuma ce su ba za su sake sauka a Unguwar Zailani ba. Na ce a kira su. Ya ce, "Su ba su yi shekara talatin da kai ba." Zancen baɗi kuwa bai ce komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar dawowa na kira Rumaisa na gaya mata duka. Na ce, to, yanzu yaya ake kiran jemage ya dawo? Ta ce ba a kiransa. A bar durumin ya yi rassa, a daina hayaƙi, a jira. In sun dawo kuma za su ci mangwaron, in sani tun yanzu. Na ce na sani, ba sai an maimaita mini ba. Na ce shekara nawa?

Ta ce, "Biyar, Baffa. Wataƙila bakwai."

Na ce Allah ya kai mu. Ta ce amin, amma na ji ta ɗan yi jim kafin ta faɗa.